Ranar da Na Bar Baba a Dajin Achimota

Da aka sallami Baba daga asibiti, likita ya ce magani ya yi nasa, saura tafiya. Ciwon ya taɓa masa ɓarin hagu, amma da sauƙi. Ƙafar tana ɗaguwa, sai dai tana ɗan ja, hannun kuma ba ya riƙe kofin shayi da kyau. Idonsa dama ya daɗe da raunana saboda ciwon suga. Likita ya ce idan muka bar shi a ɗaki ƙafar za ta ƙarasa sandarewa, don haka a riƙa fita da shi yana takawa.

Mu uku ne a wurinsa. Yayana yana ƙasar waje, ƙanwata tana aure a Kumasi, ni ce nake gida a unguwar Nima ta Accra tun da aurena ya mutu. Leshi nake sayarwa da mayafai da turaren wuta. Ba ni da shago, hoto nake sakawa a waya, a yi ciniki ta saƙo, in ba mai babur ya kai kaya. Kowa a gidan ya ce ai ni ce daidai da wannan aiki, tunda duk inda na je kasuwata tana hannuna. Ni ma na ce haka ne.

Mun fara gwadawa a unguwa, daga ƙofar gida zuwa bakin titin Maamobi. Bai yiwu ba. Lungunmu mutum biyu ba sa jerawa, ga kwata a tsakiya, ga masu babur da ba sa jira, ga mai tuyar ƙosai da kaskonta a bakin hanya. Kuma ba ma taku goma sai wani ya tare mu: Alhaji ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ashe haka abin ya zo. A rana ta uku Baba ya tsaya ya ce mu koma.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da shi ba, "in dai tafiya zan yi, kai ni inda itatuwa suke. Na gaji da zama abin kallo."

Baba tsohon ɗan goro ne. Ƙuruciyarsa duka a dazuzzukan ƙasar Asante ya yi ta, yana bin ƙauyuka yana sayen goro a gindin bishiya, a naɗe shi a ganye, a loda a mota zuwa Accra. A can ya koyi yaren Twi har ya fi mu da aka haifa a nan iyawa. Tun da ya daina fatauci ya zauna a Nima, inda in ka ga kore to fenti ne.

Haka muka fara zuwa dajin Achimota duk Asabar da safe. Mukan ɗauki tasi don trotro, bas ɗin haya, yana ba shi wahalar hawa. Idan mun shiga, sai ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗata, sandarsa a rataye a hagun, mu bi hanya a hankali. Dajin ba ya rasa mutane. Kiristoci suna zuwa yin addu'a, wasu rukuni-rukuni, wasu ɗai-ɗai a gindin bishiya, suna ɗaga murya. Da farko na yi tsammanin Baba zai damu, amma ya ce kowa Ubangijinsa yake kira, mu bi tamu hanyar.

Abin da nake yi a waɗannan fitowa shi ne dalilin wannan rubutu. Da mun isa, kafin komai, nakan tsayar da shi in ɗauke mu hoto, in tura guruf ɗin dangi. Kafin mu yi nisa addu'o'i sun fara shigowa: Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki, ke ce namijin gidan. Ina karantawa ina jin daɗi. Daga nan sai in sa ɗan abin sauraro a kunnen dama, irin marar igiyar nan, in ja mayafi in rufe shi. Baba yana hagu, yana magana, ni kuma ina sauraron saƙonnin muryar masu ciniki. Na ƙware ƙwarai. Idan na ji muryarsa ta sauka sai in ce "Na'am, Baba." Idan ta ɗaga sai in ce "Ikon Allah." Idan ya yi dariya ni ma in yi. Wata uku ina haka, ina ganin wayo ne, ga hidimar uba ga kasuwa ba ta tsaya ba.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Ina cikin rigima da wata mata da ta sayi leshin anko na bikin 'yar ƙanwarta. Ita ta ce shuɗi ta zaɓa na aika mata kore, ni kuma na ce hasken wayarta ne ya yaudare ta. Tun daga tasi muke musayar saƙo. Mun yi ɗan nisa a dajin, sai na ji Baba ya matse kafaɗata.

"Uwata, akwai maganar da nake so in gaya miki. Tun ina kwance a asibiti take raina. Ban ma gaya wa uwarku ba."

A daidai lokacin matar ta kira. Na duba fuskar wayar, na ce, "Ina jin ka, Baba," na danna.

Da farko ƙasa-ƙasa nake amsa mata, eh da a'a kawai. Da ta ce mini mayaudariya, sai na manta inda nake. Na buɗe murya, na yi Hausa, na yi Twi, na yi Turanci. Na tura mata hoto, ta turo mini nata, na tsaya na faɗaɗa shi da yatsu, na ci gaba da tafiya. Idan raina ya ɓaci sauri nake yi, kowa ya san ni da haka. Ban san lokacin da nauyin hannun Baba ya bar kafaɗata ba. Har yau nakan yi ƙoƙarin tuna wannan lokacin, babu shi a kaina sam.

Da muka gama, na yi tsaki na ce, "Baba, ka ji matar nan kuwa?" Na juya. Hanya ce kawai, da ganye jiƙaƙƙe. Na duba wayar, ta nuna mun yi minti ashirin da wani abu muna magana.

Na koma da gudu. Ba da nisa ba hanya ta rabu biyu, na tsaya ban san wadda na biyo ba. Wata uku ina zuwa wurin nan duk mako, amma babu bishiya ɗaya da zan ce na gane ta. Na ɗaga wayar zan kira shi, sai na tuna tasa ƙaramar tana gida a kan taga, ba ya fita da ita. Na bi ta dama ina kiran "Baba! Baba!" Daga kowane gefe masu addu'a suna ta ɗaga murya, tawa ta shige cikin tasu, babu wanda ya waiwayo. Takalmina ɗaya ya maƙale a taɓo, na zare shi na riƙe a hannu.

Na ci karo da wani mutum yana tsaye da littafinsa. Na ce don Allah ko ya ga wani tsoho mai sanda. Ya ce tsofaffi masu sanda da yawa sun wuce, wane irin kaya ya sa? Ni na taimaka masa ya shiga tasi, kusa da ni ya zauna, hannunsa a kafaɗata ya yi tafiya, amma ban san rigar da ke jikinsa ba. Sai da na buɗe hoton da na tura guruf da safen na duba. Jallabiya ce ruwan toka, da farar hula. A ƙarƙashin hoton ga addu'o'in dangi a jere. Mutumin ya leƙa hoton, ya dube ni, ya girgiza kai ya ce bai gan shi ba.

Na dawo mararrabar na bi ta hagu. Ina tafe ina kuka, ina tunanin abin da zan gaya wa Mma mahaifiyata, da abin da likita ya faɗa game da faɗuwa ga mai irin ciwonsa. Can na hango farin kaya a gefen hanya.

Baba yana zaune a kan saiwar wata babbar bishiya, jallabiyar ta yi taɓo daga gwiwa zuwa ƙasa, hular tana hannunsa. Wata dattijuwa cikin fararen kayan masu addu'a ta durƙusa a gabansa, tana wanke masa tafin hannu da ruwan leda. Hannun ya kurje, jini yana ɗan tsattsafowa. Hira suke yi da Twi, har tana dariya.

"Ga ta nan," in ji Baba, kafin in ƙaraso. Takuna ya gane.

Matar ta miƙe. Ta dube ni tun daga mayafi har ƙafata da babu takalmi, ta ce da Twi, "Ke ce 'yar? Ina ruwan?"

Ban gane ba.

"Babanki ya ce ƙishirwa ya ji, ya aike ki sayen ruwa, shi kuma ya ƙi jira, ya ce zai taka shi kaɗai. Na yi masa faɗa. Ina ruwan?"

A hannuna ɗaya takalmi ne, a ɗayan waya. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ba ta samu mai sayarwa ba ne," in ji Baba. "Da safe ba sa fitowa da wuri."

A tsawon rayuwata ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba. Mutumin da abokan fataucinsa suke cewa in ya ce goron nan na jiya ne to na jiya ne. Ga shi yau, zaune a taɓo, ya yi biyu a jere saboda ni.

Muka kama shi tare muka ɗaga. Ta raka mu har kusa da ƙofa, tana riƙe da hannunsa na hagu. Baba ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ta amsa da amin. Da ya ɗan yi gaba yana gyara sandarsa, sai ta riƙe gefen mayafina ta rage murya.

"'Yata, ta gabana kika wuce ɗazu. Ina addu'a amma na ji komai. Leshin nan, shuɗi ne ko kore?"

Ba ta jira amsa ba, ta juya ta koma cikin itatuwa.

Muka shiga tasi. Wayar tana ta rawa a cinyata, na kife ta. Da muka isa gida Mma ta ga taɓon ta yi salati. Baba ya ce santsi ne ya kwashe shi a bakin ƙofar daji, Allah ya sa Uwata tana kusa ta tare shi. Mma ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, da takalmin mai taɓo a ƙafata har aka kira azahar.

Asabar da ta biyo baya ya ce gwiwarsa tana ciwo. Ta gaba ma haka. Bai canza mini fuska ba, yana kirana in zuba masa koko, yana tambayar yaya kasuwa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sau da yawa nakan zo bakin ƙofarsa da niyyar ba shi haƙuri, in tarar yana jan carbi, in ce sai anjima.

Mma na fara gaya wa. Tana tsakar gida tana tsince waken da za ta dafa da shinkafa, na zauna kusa da ita na faɗi komai, har da abin kunnen. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Ni na wanke jallabiyar," ta ce. "Wanda aka tare ba ya kurje gwiwa biyu da tafin hannu. Na san shi kaɗai ya faɗi. Shi bai so in sani ba, ni ma na bar shi a haka." Ta watsar da tsakuwa. "Ba ni za ki gaya wa ba. Kin san ƙofarsa."

A Asabar ta uku na shirya da wuri. Na kashe wayar na miƙa wa Mma, ta jefa ta cikin kwallar da take ajiye zannuwanta ta rufe. Na je na durƙusa a ƙofar Baba na ce tasi yana jira. Ya ce in miƙo masa sanda.

Da muka shiga dajin ya ɗora hannu a kafaɗata, muka yi taku kaɗan, sai ya ce, "Yau babu sauron?"

"Wane sauro, Baba?"

"Na kunnenki. Idona ne ya mutu, Uwata, kunnena lafiyarsa ƙalau. Tun ranar farko nake jin matan nan suna zuuu a ƙarƙashin mayafinki. Wata rana na ce miki abokina na Techiman ya rasu, kika ce ikon Allah. Na ce to wannan ta yi daidai. Sai na gwada ki, na ce gobe zan ƙara aure. Kika ce na'am, Baba."

Ya yi dariya. Ni kuwa na durƙusa a nan tsakiyar hanya, na riƙe ƙafarsa ina cewa ya yafe mini. Ya ce in tashi, mutane suna kallo, ya yafe tun a kan saiwar nan.

Ba zan ce tafiyar ranar ta yi mini daɗi ba. Hannuna ya yi ta zuwa jaka yana dawowa. Sau biyu na ji kamar wayar tana rawa a jikina, alhali tana Nima cikin kwalla. Raina yana ta lissafa mutanen da suke nemana. Shirun wurin ya yi mini yawa, kuma tafiyar Baba, da na lura da ita, ta fi yadda na zata jinkiri. Ashe duk watannin nan jan sa nake yi, shi kuma yana ƙoƙarin kamo ni da ƙafar da ba ta da ƙarfi.

Ya tsayar da ni a gindin wata bishiya, ya shafa ɓawonta ya ce maɗaci ce, mahaifiyarsa takan jiƙa musu ɓawon idan ciki ya ɓaci. Ya sa na tsinko wani ganye na murza na shinshina, ya ce in faɗi abin da ya yi kama da shi. Na ce lemun tsami. Ya ce to hancina bai mutu ba tukuna. Ya nuna mini yadda ake gane inda ruwa yake kwanciya daga laushin ƙasa a ƙarƙashin sanda. Ya tsaya ya ɗaga yatsa, muka saurari wani tsuntsu mai kuka sau uku ya yi shiru. Ya ce a dajin da suke sayen goro, idan ya fara kuka sai su ɗaure huhun goro don ruwa na tafe. Na ce gaskiya ne? Ya ce wani lokaci.

Sai da muka juyo na yi ƙarfin halin tambaya.

"Baba, maganar da ka ce za ka gaya mini ranar."

"Ai na faɗa."

"Ban ji ba."

"Na sani. Na faɗa duka, daga farko har ƙarshe, ina bin bayanki. Da na gama ne na ga ba ki waiwayo ba, na saki kafaɗarki in ga ko za ki ji. Da ƙyar ta fito sau ɗaya. Ban san ko za ta sake fitowa ba."

Ban matsa ba. Na sake tambaya bayan wasu makonni, ya ce ba komai ba ne, maganar tsofaffi ce. Ban kuma tambaya ba. Wataƙila game da ni ce da mutuwar aurena, wataƙila game da shi ne da wani abin da ya yi tun kafin a haife mu. Ban sani ba.

Mun ci gaba da zuwa. Masu ciniki suka gane cewa Asabar da safe ba a samuna. Wasu suka yi fushi suka koma wurin wasu, yawancinsu suka saba. Dangi suka fara tambaya a guruf ko mun daina fita ne, tunda ba sa ganin hoto. Na ce muna fita. Addu'o'in suka ragu. Ƙafar Baba ta ƙara ƙarfi har yakan saki kafaɗata ya yi 'yar tazara da sandarsa kaɗai, ni ina gefensa.

Da babbar Sallah yayana ya zo hutu, ya ce shi ma zai bi mu ya ga dajin da ake ta magana. Tun daga ƙofa ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar bidiyo, yana yi wa matarsa da 'ya'yansa bayani, ga Baba, ga itatuwa, ku gaida kakanku. Baba yana nuna masa wata kurangar da ta nannaɗe bishiya, shi kuma yana duba ko saƙon ya tafi. Na ji raina ya tashi. Na tsaya a gabansa na ce, "Yaya, ka ajiye wayar nan mana! Mahaifinka yana yi maka magana. Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Idan ba za ka saurare shi ba me ya kawo ka?"

Na faɗa da ƙarfi har wasu masu addu'a suka waiwayo. Yayana ya sauke wayar yana kallona, don ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Baba ya jingina da sandarsa yana dariya har da tari.

"Uwata," ya ce, "rabu da shi. Yau ce ranarsa ta farko. Ke wata uku na ba ki."

Yayana ya ce wata uku na me? Baba ya bar mini amsar. Na ja mayafi na gyara, na ce mu ci gaba da tafiya, zan gaya masa a hanya. Muka sa Baba a tsakiya, na fara ba shi labarin tun daga leshin.